Gargaɗi: masu "gwajin bitamin kyauta" suna farautar tsofaffinmu

Jama'a, a ja kunnen iyaye da kakanni. Akwai wasu da ke kafa tebur a bakin kasuwa ko a ƙofar masallaci bayan Juma'a, wani lokacin har gida-gida suke bi, ɗauke da kwamfuta da wani ɗan akwati. Sai su tambayi dattijo shekarunsa da nauyinsa, su miƙa masa wani ɗan ƙarfe ya damƙe a hannu. Kafin minti biyu allo ya cika da ja da rawaya. "Baba, bitamin ɗinka ya ƙare, ƙashinka ya zaizaye, ƙodar ma ta fara gajiya." Gwajin kyauta ne, gaskiyarsu. Kuɗin yana cikin jakar da ke ƙarƙashin tebur, inda kwalaben suke jiran a tsorata mutum.

Wannan ƙarfen ba ya auna bitamin. A jini ake auna shi, sai an ɗiba an kai ɗakin gwaji.

Abin da ya sa damfarar take ci shi ne sun jingina ta da gaskiya. Tsufa yana rage ƙarfin ciki wajen tsotse bitamin B12 daga abinci. Wanda ya daɗe yana shan metformin saboda ciwon suga, ko omeprazole saboda gyambon ciki, ya fi shiga haɗarin. Alamomin ƙarancin B12 kuwa su ne waɗanda muke ɗora wa shekaru mu wuce: kasala, mantuwa, tangal-tangal a tafiya, tafin ƙafa kamar ana tsira masa allura. Haka bitamin D. Tsohuwar da ta yini a ɗaki rana ba ta taɓa jikinta ba, ƙarfin cinyoyinta kan ragu, kuma faɗuwa ɗaya a banɗaki kan karya ƙugu. To amma ƙarancin jini, suga, ciwon ƙoda da rashin cin abinci duk suna kawo irin wannan mutuwar jiki. Wa zai bambance su? Ba dai mai tebur ba.

Asarar kuɗi ita ce ƙaramar. Wasu daga cikinsu kan ce wa Hajiya ta ajiye maganin hawan jini, wai sinadari ne, nasu kuma na ganye. Nan ake sayo shanyewar ɓarin jiki. Wasu ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda ba suna, ana cusa musu dexamethasone, irin wanda ake haɗawa a sha-ka-fashe. Cikin 'yan kwanaki tsoho zai buɗe ciki da abinci, fuska ta ciko, 'ya'ya su ce ai magani ya karɓe shi, alhali suga na hawa, ƙashi na ƙara rauni. Ko bitamin na gaske ma ba a shansa da ka. Bitamin D taruwa yake a jiki, idan ya yi yawa ƙoda ce ke shan wahala. Folic acid kuma kan gyara ƙarancin jini ya rufe matsalar B12, jijiyoyi na ci gaba da lalacewa ba a sani ba.

Za su nuna maka lambar NAFDAC. Duba ta a manhajar Greenbook ta hukumar, don ana buga ta jabu. Ko ta gaske ce, ba shaida ba ce cewa kwalba ɗaya tana warkar da cuta goma.

Idan jikin Baba ya yi sanyi, a kai shi asibiti a auna jini, suga da ƙoda, a tambayi likita ko akwai buƙatar gwajin B12. In an samu ƙarancin B12, maganinsa ƙwaya ce ko allura, kuma a kemis mai rajista ake saye. A gida a dage da hanta, ƙwai, kifi da nono, a fito da shi hantsi.

Wanda kuma ya riga ya daɗe yana shan ƙwayoyin ledar nan, kada a tsayar masa kwatsam, domin yanke dexamethasone lokaci guda yana da nasa haɗarin. A tattara duk abin da yake sha, har da ledojin, a kai wa likita ya gani.