Faransanci, Sinanci, Jamusanci ko Larabci: wanne ya dace da sana'arka?

Ɗalibin kwalejin fasaha ko foliteknik da ke son haɗa sana'arsa da wani yare, ya fara duba inda kayan aikinsa ke fitowa da inda yake sa ran cin abinci. Shekara 2 na karatun difloma (ND) ba sa ɗaukar yare biyu, ɗaya za a zaɓa.

Ga makanike, mai aikin wayarin, mai gyaran firji ko mai koyon aikin otal a Arewa, Faransanci muke sa wa gaba. Nijar da Chadi da Kamaru da Benin duk da shi suke aikin ofis, kuma daga Jibiya zuwa Maraɗi ba tafiya ba ce. Akwai cibiyar koyar da Faransanci ta Alliance Française a Kano, akwai kuma ƙauyen koyon Faransanci na gwamnatin tarayya a Badagry. Takardar shaidar iya Faransanci da za ka nema ita ce DELF, wadda ba ta tsufa, saɓanin takwararta TCF da ke mutuwa bayan shekara 2. Ana cin DELF da maki 50 cikin 100, amma wanda ya kasa samun 5 cikin 25 a ko da ɗaya daga ɓangarorinta 4 (sauraro, karatu, rubutu da magana) ya faɗi, kuma sauraro ne ke yawan kayar da wanda a littafi kawai ya koya. Matakin A2, wato na biyu a jerin matakan iya yare (A1, A2, B1, B2, zuwa sama), kan ci kusan awa 200. Wani tarko da ke ɓata aiki: Faransawa da waƙafi suke rubuta ɗigon lissafi, wato waya mai 2,5 mm² ita ce 2.5 ɗinmu.

Sinanci na mai harkar sola ne, da gyaran waya, da injinan da ake sarowa daga Guwanzu. Ya fi sauran cin lokaci saboda rubutunsa, kodayake karin sautinsa bai kamata ya razana Bahaushe ba, tunda Hausa ma da karin sauti take rarrabe kalmomi. Jarrabawarsa HSK ce. Cibiyoyin Confucius, masu koyar da Sinanci, suna jami'ar Legas da ta Nnamdi Azikiwe a Awka, don haka ɗan Arewa yawanci ta intanet zai koya.

Jamusanci bai da amfani sosai a kasuwar gida. Na wanda ya ƙudura tafiya koyon sana'a a Jamus ne, inda ake biyan mai koyo albashi shekara 2 zuwa 3 da rabi. Galibi ana neman B1, aikin jinya kuma B2, kuma jarrabawar B1 ta Goethe, cibiyar koyar da Jamusanci, ana iya rubuta ɓangarorinta 4 ɗaya bayan ɗaya.

Larabci shi ya fi araha, domin wanda ya yi Islamiyya ya riga ya iya karatu. Sai dai Larabcin littafi daban yake da wanda ake yi a gareji a Jidda.

Kafin ka biya kuɗin kowane aji, tambayi ɗalibai nawa ne a ciki, da awa nawa ake magana a mako. Idan ɗaliban sun haura 20, bakinka ba zai samu aiki ba. Ka kuma tafi da littafin bayanin injin da kake aiki da shi, malam ya riƙa koyar da kai sunayen kayan daga ciki.