Na ɗora aikina na sauro a bioRxiv, ga yadda na same shi

Ƴan'uwa masu bincike a kan ƙwari, musamman ku da kuke fama da sauro da DNA ɗinsa, idan kuna da aikin da ya kammala yana kwance a kwamfuta kuna jiran wata mujalla ta waiwaye ku, gaskiya ku gwada bioRxiv. Ni na gwada kuma na ji daɗinsa sosai.

Ga wanda bai san shi ba, shafi ne da Cold Spring Harbor Laboratory na Amurka suka buɗe a 2013, inda mai bincike zai sa maƙalarsa kowa ya karanta tun kafin mujalla ta tantance ta buga. Ba ka biyan komai, mai karatu ma ba ya biya.

Aikina a kan yadda sauron Anopheles gambiae ke bijire wa maganin pyrethroid ne, irin wanda ake sa wa gidan sauro. Mun duba wani sauyi a ƙwayar gadon sauro da ake kira kdr (knockdown resistance, wato jure wa maganin da ke kayar da shi), mai lamba L1014F, wanda tun 1998 aka bayyana shi a jikin wannan sauro a mujallar Insect Molecular Biology, da ɗan'uwansa L1014S da aka gano a Kenya aka buga a 2000. Maganin yana kama ƙofar da sodiyam ke bi a jijiyar sauro ne ya hana ta rufewa har ya shanye ya faɗi, to wannan sauyi guda ɗaya tak sai ya sa maganin ba ya kamawa yadda ya kamata. Da farko wata mujalla muka kai wa, ta riƙe shi wata da watanni, ƙarshe edita ya ce ba wani sabon abu a ciki tunda an daɗe da sanin kdr. To an san shi mana, amma yawansa a jikin sauron wannan wuri ba ɗaya ba ne da na wancan wuri, kuma bana ba bara ba ce, sauro cikin mako biyu ya yi sabuwar zuri'a, kafin a gama jan ƙafa alƙaluman sun tsufa, masu yanke shawarar wane magani za a raba kuma ba su gani ba. Wannan ne ya fi ci mini rai wallahi.

Shi ya sa abin da ya fara burge ni a bioRxiv shi ne wajen ɗorawa za a tambaye ka wane irin sakamako ne, sabo ne, ko mai tabbatar da na baya, ko mai saɓa masa. Ka ga ke nan aikin da ya tabbatar da abin da wasu suka gani yana da mazauni, ba sai ka yi ta ƙawata shi kana kiransa gagarumin abu ba. Ɗorawar kanta ba wuya, PDF ɗaya, sunayen waɗanda kuka yi aikin tare, taƙaitaccen bayani, sai ka zaɓi lasisi, wato sharuɗɗan da wasu za su yi amfani da aikinka, da fanni. Babu rukunin ƙwari na musamman, ni na sa nawa a ɓangaren ilmin ƙwayoyin gado (genetics), wasu kan sa a na dabbobi. Cikin ƴan kwanaki ya fito da lambar DOI ɗinsa, wato lambar shaida ta dindindin da ake ba maƙala, wadda kowa zai iya kafa hujja da ita.

Ba a jima ba sai ga imel daga wata mai bincike da ban taɓa sani ba, ta karanta har teburan ƙarshe, ta ce yawan sauron da suka tsira a gwajin da muka yi musu da maganin ya fi abin da kdr shi kaɗai zai iya bayani, me zai hana mu gwada da wani sinadari mai suna PBO. Shi PBO yana toshe wasu sinadaran jikin sauro ne da ake kira inzayim ɗin P450, irin su CYP6P3 da CYP6M2, waɗanda sauro ke narkar da maganin da su kafin ya kai jijiya. Muka fara sa sauron a bututun da ke da takardar PBO na awa ɗaya sannan muka mayar da su na maganin, da aka ƙirga bayan awa 24 sai ga waɗanda suka mutu sun ƙaru a fili. Muka ƙara wannan a maƙalar muka ɗora zubi na biyu, na farkon ma yana nan kowa zai iya buɗewa ya kwatanta. Ni wannan gaskiyar ta barin tsohon zubi a bayyane tana daga abin da nake so da shafin.

Sai dai fa a sani, dubawar da suke yi ta sama ce, su tabbatar aikin kimiyya ne, ba kwafe ba ne, ba mai haɗari ba ne. Ba sa zama su bi lissafinka. Don haka in kai mai karatu ne, kai ne alƙali, ka duba sauro nawa aka gwada, daga ina aka kamo su, an bambance gambiae da coluzzii, wani jinsin Anopheles mai kama da shi, ta gwajin DNA na PCR ko an haɗa su a buhu ɗaya, domin da ido ba a rarrabe su. Ɗalibai musamman, don Allah kar ku ɗauki duk abin da ke can kamar an gama magana.

Kafin ka danna aikawa ka tabbatar duk abokan aikinka sun amince, har da sufabaiza, saboda abin da ya hau ba ya gogewa, iyaka a rubuta an janye shi. Ka kuma leƙa dokar mujallar da kake nufi, yawancin na fanninmu suna karɓar aikin da ya riga ya fito a can, wasu mujallun ma, daga cikin shafin za ka tura musu kai tsaye ba sai ka sake loda fayil ba. Ta nan muka tura namu, yanzu yana hannun masu tantancewa.