Gargaɗi: a yi hattara da dillalan takardar shaidar 'yan sanda

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ku da ke zaune a ƙasashen waje, da iyaye da yayye na gida da ake aiko wa kuɗi a ce su nemo wa yaro takarda. Akwai wata damfara da ta yi ƙamari a zaurukan WhatsApp da Facebook da Telegram, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yawancin waɗanda take ci mutanen kirki ne, ko caji ofis ba a taɓa kai su ba. Lokaci ne kawai ya ƙure musu. Ina nufin masu tallar cewa za su fitar maka da takardar shaidar rashin laifi ta 'yan sandan Najeriya cikin kwana biyu, kana zaune a Landan ko Jidda ko Toronto, ba sai ka motsa ba, ba kuma sai an ɗauki zanen yatsunka ba.

Ga wanda bai san inda takardar take shigowa ba: kusan duk ƙasar da mutum zai nemi zaman dindindin, ko wasu nau'o'in aiki, sai ta ce ya kawo shaida daga wuraren da ya taɓa zama. Kanada, a tsarinta na neman zaman dindindin da ake kira Express Entry, tana neman takarda daga kowace ƙasa da ka zauna wata 6 ko fiye a jere cikin shekara 10 da suka wuce, tun daga lokacin da ka cika shekara 18. Birtaniya tana nema a wajen masu zuwa aikin lafiya da koyarwa da makamantansu, daga duk ƙasar da mutum ya yi wata 12 a cikinta cikin shekara 10. Amurka kuwa daga shekara 16 take fara nema ga masu bizar zaman dindindin. Kenan wanda ya tashi a Kano, ya yi karatu a Sudan ko Maleshiya, ya yi aiki a Saudiyya, zai iya samun kansa yana farautar takarda uku ko huɗu a lokaci guda. Kanada kuma idan ta gayyace ka ka shigar da takardun neman zama, kwana 60 kacal take ba ka ka haɗa komai. A cikin wannan ƙuncin ne ɗan damfara yake jiranka.

Ba ya zuwa da siffar ɓarawo. Sau da yawa a zauren 'yan ƙasa ko na tsofaffin ɗalibai za ka yi tambaya, sai wani ya biyo ka ta bayan fage da sallama mai kyau, ya ce yana da oga a Alagbon, wato ofishin 'yan sanda na Legas da ke fitar da takardar, ko ya ce shi kansa jami'i ne. Hoton da ke jikin lambarsa na mutum ne cikin kaki. Zai turo maka hotunan takardun da ya ce ya yi wa wasu, an ɗan rufe sunayen, da saƙonnin godiya na mutanen da ba ka san ko akwai su ba. Zai yi maka Hausa, ya kira ka ɗan uwa, ya haɗa da Allah da Annabi, ya ce shi don taimako yake yi. Sannan ya ce ka turo shafin fasfonka, da hotonka, da lambar NIN, wani ma har BVN, da rabin kuɗi zuwa wani asusu mai sunan mutum, sunan da galibi ba nasa ba ne.

Daga nan hanyarsu ta rabu uku.

Na farko mai sauƙin bayani ne: kuɗi na shiga ya toshe lambarka. Wannan, duk da ciwonsa, shi ne mafi ƙarancin sharri, domin bai haɗa ka da takardar jabu ba.

Na biyu mai tatsa ne. Bayan kwana biyu zai kira ka cikin damuwa ya ce an samu matsala, sunanka ya yi daidai da na wani da ake nema, sai an ba oga wani abu kafin a wanke fayil ɗin. Ka san sunayenmu: Muhammad Sani, Abubakar Ibrahim, A'isha Usman, kowace unguwa akwai goma. Saboda haka maganar tana shiga kunne, kuma tana tayar da hankali. Ka biya, sai a ce kuɗin hatimi. Ka biya, sai kuɗin Ma'aikatar Harkokin Waje. Ka biya, sai kuɗin aikawa. Duk lokacin da ka so janyewa sai ka tuna abin da ka riga ka zuba, ka ce bari in ƙarasa. Alhali dalilin da ya sa ake binciken da zanen yatsu shi ne don kada suna ya rikita mutane biyu. Mai cewa sunanka ya ci karo da na mai laifi, alhali bai taɓa karɓar yatsunka ba, ƙarya yake yi tun daga tushe.

Na ukun shi ne ya sa na zauna rubuta wannan, domin shi yana cika alkawari. Takarda za ta iso maka, da tambarin 'yan sanda, da hotonka, da hatimi, da sa hannu. Za ka yi hamdala, ka yi masa addu'a, har ka tura masa abokanka. Amma ko dai an zana ta ne a kwamfuta a wani shago, ko an ɗauki lambar takardar wani an ɗora sunanka, ko kuma an shigar da buƙatar da sunanka amma wani ne ya dangwala yatsunsa a madadinka. Kai ba za ka gane ba. Wanda zai gane shi ne jami'in shige da fice da takardar za ta faɗa hannunsa, wanda aikinsa kenan kullum, kuma yana da hanyar tuntuɓar hukumar da aka ce ta bayar.

To ga abin da dillalin ba zai taɓa faɗa maka ba. A dokar shige da fice ta Kanada, sashe na 40, gabatar da bayanin ƙarya ko takardar jabu yana jawo haramcin shekara 5, kuma iyalin da ke cikin fayil ɗinka abin zai iya shafar su. Idan ma takardar ta wuce a lokacin, aka gano daga baya, za a iya karɓe izinin zaman da aka ba ka. Birtaniya tana iya hana mutum shiga har shekara 10 saboda yaudara a neman biza. Ta Amurka ta fi tsanani, haramcin na har abada ne, sai dai wata 'yar ƙofar afuwa da ba kowa ke cancanta ba. Kuma nan gaba, a fom ɗin bizar ƙasashe da yawa akwai tambayar ko an taɓa hana ka, dole ka amsa.

Kada ka ce ai zan gaya musu ejan ne ya cuce ni. Fayil ɗin da sunanka yake, kai ka sa hannu cewa duk abin da ke ciki gaskiya ne. A Kanada musamman, kotuna sun sha tabbatar da cewa mai nema shi ke da alhakin abin da aka shigar da sunansa, ko da wakili ne ya aikata. Dillalin yana can ya canza layi, ya canza hoto, ya shiga wani zauren. Kai da ka yi shekaru kana karatu, ka ci jarrabawar Turanci, wataƙila an sayar da fili ko shanu a gida don tafiyar nan, kai za ka ɗauki hukuncin. Kuma a kan me? A kan takardar da haƙƙinka ce, wadda da ka bi layi za a ba ka ta gaskiya tunda ba ka da laifin komai. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago.

Hanyar gaskiya ba ɓoyayya ba ce. Sunan takardar a hukumance Police Character Certificate, kuma tana fitowa ne daga ofishin rajistar masu laifi na rundunar 'yan sandan Najeriya, ƙarƙashin sashen binciken manyan laifuka, wanda aka fi sani da ofishinsa na Alagbon a Ikoyi, Legas. Yanzu ana nema ne ta shafin intanet na POSSAP, wato possap.gov.ng, kuma akwai ɓangaren mazauna ƙasashen waje. Kai za ka buɗe rajista da sunanka da imel ɗinka da lambar wayarka, shafin ya fitar maka da takardar biya mai lamba, ka biya ta hanyar da ya nuna, ka bi umarninsa kan ɗaukar yatsu. A duba adireshin da kyau, domin akwai shafukan kwaikwayo masu launi iri ɗaya da tambari iri ɗaya. Na gwamnatin Najeriya da .gov.ng yake ƙarewa. Kuma hukuma ba ta karɓar kuɗinta ta asusun Malam wane.

Ba na cewa hanyar ba ta da gajiya. Shafi yakan tsaya, amsa takan yi jinkiri, mutum yakan kira ba a ɗauka ba, kuma wannan jinkirin shi ke ciyar da 'yan damfara. Ba kuma na cewa duk mai taimaka wa mutane cika fom macuci ne. Akwai masu shagon intanet da ke yin aikin tsakani da Allah a biya su ladansu. Ana gane su da abu ɗaya: komai a gabanka yake. Rajistar taka ce, kalmar sirrin tana hannunka, saƙon hukuma imel ɗinka yake shigowa, rasit da sunanka yake fita. Duk wanda ya ce kai dai turo kuɗi ka bar mini sauran, kada ka tambayi yadda za a yi, to ka bar shi.

Akwai wata ƙarin ƙarya da suke sayarwa da tsada, wai za su buga wa takardar hatimin apostille. Wannan hatimi na ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Hague ta 1961 ne, Najeriya kuwa ba ta ciki. Takardar Najeriya idan ana son a inganta ta don amfani a waje, Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ake kai wa, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a kai ta idan ta buƙaci haka. Ba ma kowace ƙasa ke neman wannan matakin ba, don haka a fara karanta abin da hukumar shige da ficen ta rubuta a shafinta kafin a kashe ko sisi.

'Yan uwanmu na Nijar, ku ma ba ku tsira ba, ko da yake tsarinku daban ne. Taku takardar, casier judiciaire, daga kotu take fitowa, a yankin da aka haifi mutum, kuma wata 3 ne ƙarfinta. Wanda aka haifa a Damagaram ko Maraɗi, aka kawo masa takarda daga hannun wani da bai iya faɗin kotun da ta bayar ba, ya tsaya ya bincika.

Sai maganar da mutane ke mantawa da ita bayan an gama kukan kuɗi: kayan da ka tura. Shafin fasfo, hoto, NIN, BVN, ranar haihuwa, adireshi, wani har sunan mahaifiya. Da waɗannan ana iya yunƙurin karɓar bashi a manhajojin lamuni da sunanka, ko a buɗe asusun da za a riƙa karɓar kuɗin wasu da aka damfara, ranar da bincike ya tashi kuma ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. Takardun da yake nuna maka a matsayin shaidar aikinsa, na mutane ne irinka da suka riga ka faɗawa. Taka ma gobe za a nuna wa wani.

Idan lokaci ne ya matse ka, akwai mafita ta halal. Kanada ta tanadi cewa wanda takardarsa ba ta iso ba kafin wa'adi zai iya ɗora shaidar cewa ya nema, kamar rasit, tare da wasiƙar bayani, jami'i ya duba. Kana kuma iya ƙin karɓar gayyatar, ka koma cikin jerin masu jira idan har yanzu ka cika sharuɗɗa. Birtaniya ma tana sauraren bayani idan da gaske takardar ba ta samuwa daga wata ƙasa. Mafi kyau duka, ka fara nema tun kafin a gayyace ka, amma ka lura da ƙa'idar kwanan wata: a tsarin Kanada, ta ƙasar da kake zaune yanzu kada ta wuce wata 6 da fitowa, ta ƙasar da ka baro kuma ta kasance an bayar da ita bayan zamanka na ƙarshe a can. Kuma duk ƙasar da za ka bari, Saudiyya ce ko Daular Larabawa ko wata, ka nemi takardarta tun izinin zamanka yana aiki, domin bayan fita abin yakan yi wuya sosai.

Wanda kuma ya riga ya karɓi takarda daga hannun irin waɗannan mutane bai shigar ba tukuna, don Allah ya ajiye ta ya nemi ta gaskiya, ko da kuɗin farko ya tafi. Wanda ya riga ya shigar, kada ya yi shiru yana fatan ba za a lura ba, kada kuma ya koma wajen dillalin neman shawara. Ya nemi lauya ko mai ba da shawara da ke da lasisi: a Kanada ana duba sunan mai ba da shawara a rajistar CICC, hukumar da ke ba su lasisi, na lauya kuma a ƙungiyar lauyoyi ta lardinsa, a Birtaniya kuma lauya mai rajista ko wanda IAA, hukumar da ke kula da masu ba da shawarar shige da fice, ta amince da shi. Kanada takan aiko da wasiƙa ta ba mutum damar kare kansa kafin ta yanke hukunci, kuma wa'adin amsawa gajere ne, saboda haka kada a jira sai ta zo.

A adana duk hirar da aka yi, da lambar asusun, da rasit ɗin tura kuɗi, da saƙonnin murya, kafin ya goge su. A sanar da banki nan take, a kai ƙara EFCC ko cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta rundunar 'yan sanda. Na san kunya tana hana da yawa magana, musamman wanda ake ganin ya yi ilimi ya waye, amma shirun nan shi ke ba su damar cin mutum goma a zaure ɗaya. Ku kuma shugabannin zauruka, ku cire masu wannan talla, ku daina barin ana tura lambarsu da sunan taimako. Iyaye na gida, idan yaro ya aiko kuɗi ya ce a ba wani ejan, ku tambaye shi ko shi da kansa ya buɗe rajista a shafin hukuma, da kuma inda aka ɗauki yatsunsa. In ya kasa amsa waɗannan biyun, ku riƙe kuɗin.