Hayar mota daga Garwa zuwa Ngaundare: direban ya fita kunya, ofishin bai fita ba

A ƙarshen watan Maris, lokacin da zafin Garwa yake haura digiri 40 har mutum ya rasa inda zai sa kansa da rana, na yanke shawarar ɗaukar iyalina mu je Ngaundare mu kwana ɗaya mu dawo. Faransawa kan tafi yankin Bordo su zagaya gonakin inabi suna ɗanɗana abin da ake matsewa a can. Mu kuwa a arewacin Kamaru, ƙasar da ake zuwa domin ɗanɗano ita ce tudun Adamawa da Ngaundare take a kansa, inda zuma da nono da naman shanu suke. Da yake ba na son tuƙi mai nisa, sai na yi hayar mota da direbanta daga wani ƙaramin kamfani da ke cikin gari, kuma a kan aikin wannan kamfani nake son yin magana.

Mun yi ciniki a ofishinsu ranar Alhamis a kan kwana biyu, kuɗin mai da kuɗin hanya a wuyana, suka kuma tabbatar mini cewa na'urar sanyaya motar tana aiki. Ranar Asabar direban ya iso ƙofar gida kafin mu dawo daga sallar asuba, ya riga ya duba tayoyi, ya nuna mini safaya da jak ba tare da na tambaya ba. Dattijo ne mai ƙarancin magana, yana jin Hausa da Fillanci da Faransanci, kuma wannan ya yi mana amfani a kowane shingen jandarma, domin takardun motar a jere suke cikin jaka ɗaya, ba a taɓa tsayar da mu fiye da ƴan mintoci ba.

Mun ƙetare gadar Binuwai gari bai gama wayewa ba, muka kama babbar hanyar kudu, wadda tsawonta zuwa Ngaundare ya kusa kilomita 280. Muna wuce Ngong na'urar sanyayawar ta fara hura iska mai ɗumi, daga nan ba ta sake farfaɗowa ba. Direban bai ɓoye mini ba. Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, tun makon jiya na gaya musu a ofis, ba su gyara ba." Na ji daɗin gaskiyarsa, amma raina ya ɓaci da ofishin, domin akwai yara biyu a motar, kuma na biya kuɗin abin da suka san babu shi.

Abin da ya rage mini zafin ran shi ne sanin hanya da mutumin nan yake da shi. Inda hanyar ta bi gefen gandun dajin Binuwai ya rage gudu domin yara su ga gwaggon biri a bakin titi, ya kuma hana su jefa musu abinci. A Mbe, garin da ya yi suna wajen doya, ya ce kada mu saya yanzu, mu bari sai a dawowa don kada ta sha zafi a bayan mota kwana biyu. Sai kuma hawan Falez, wanda shi ne wurin da ake gane direba. Hanyar tana murɗawa a jikin dutse, ga tireloli masu ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare zuwa Marwa da Injamena suna gangarowa a hankali da warin birki. Sau biyu motocin haya suka wuce mu a kan kwana, shi kuwa ya zauna a bayan wata babbar mota kusan minti goma har sai da ya ga gabansa sarai. Matata, wadda ke tsoron wannan hawa tun tana yarinya, ta ce masa, "Baba, Allah ya saka da alheri."

Da muka hau tudun, iska ta canza nan take, domin Ngaundare tana kan tsayin kusan mita 1,100 daga teku, sai ga shi mun manta da maganar na'urar sanyayawa. Ya nuna wa yara wani tsauni na gefen garin mai ƙaton mulmulallen dutse a ƙoƙuwarsa, ya bayyana musu cewa sunan garin da harshen Mbum yana nufin dutsen cibiya. Mun leƙa fadar Lamido, muka ga zauren ciyawa mai ginshiƙai masu zane, muka wuce ta tashar jirgin ƙasan da ya fara isowa garin a 1974. Da la'asar ya kai mu tafkin Tizon, wanda yake cikin bakin wani tsohon dutse mai aman wuta, wuri mai inuwa da shiru. Magangarar ruwan kogin Vina kuwa ba ta burge mu sosai ba, saboda ƙarshen rani ne ruwa ya ja. Wanda ke son ganinta da ƙarfinta ya jira damina.

Amma zuma ita ce ta kai ni, kuma a nan ne direban ya yi mini aikin da babu shi a cikin cinikinmu. Na so in saya a bakin titi inda ake jera ta cikin robobi, sai ya ce in dakata, ya kai mu wani ƙauye a wajen gari wurin masu ɗora amya. Mun ga amyoyin da aka saƙa da ciyawa an ɗaure su can saman itatuwa, aka fito mana da zuma da kakinta, baƙa-baƙa mai kauri, wadda ɗanɗanonta ke da ɗan ɗaci a ƙarshe, ba irin zaƙin sukari da ke tsaya wa mutum a maƙogwaro ba. Mai amyar ya ɗiga ta cikin ƙoƙon ruwa, ta nutse ƙasa a dunƙule, ya ce haka suke nuna wa baƙo cewa ba a sirka ta ba. Na ɗanɗana iri biyu, na sayi lita biyar, muka haɗa da kindirmo mai sanyi daga wata Bafilatana, da kilishi a cikin gari. Na lura da kyau, direban bai karɓi ko dala daga hannun mai zumar ba.

Matsala ta biyu ta taso da dare, lokacin da na gane cewa ofishin bai ba shi kuɗin masauki ko na abinci ba, kuma ba su gaya mini cewa a kaina yake ba. Da ban tambaya ba, a cikin mota zai kwana cikin sanyin Ngaundare. Na kama masa ɗaki a masaukin da muka sauka, ba don an tilasta mini ba, amma bai dace kamfani ya tura dattijo tafiyar kwana ya bar shi ga tausayin fasinja ba.

Ranar Lahadi ya nace mu tashi da azahar, domin ba ya saukar Falez cikin duhu, kuma na ba shi gaskiya. Mun sayi doyarmu a Mbe, muka shiga Garwa ana kiran magariba. Da na koma ofishin ranar Litinin na yi ƙorafi, sun rage mini jaka biyar kawai bayan doguwar muhawara, ba su kuma ce komai a kan masaukin direban ba. Zan sake hayar mota a wurinsu idan wannan dattijo ne zai ja, amma sai an kunna na'urar sanyayawa a gabana, an kuma rubuta a takarda wanda zai biya kwanan direba da abincinsa kafin in ba da kuɗi.