Kiran gida daga ƙasar waje: wace hanya ce ta dace da kai da mutanenka?

Duk mai shirin tafiya, ko Hajji ne ko Umara, ko saro kaya a Dubai da Guangzhou, ko karatu a Alƙahira, yakan tambayi wace manhaja zai sa a waya don ya riƙa jin gida. Kafin a kai ga manhaja akwai abu biyu da ke yanke hukunci: irin wayar da ke hannun wanda za ka kira, da kuma dokar ƙasar da za ka sauka. Idan Hajiyarka a ƙauye ƙaramar waya mai tocila take riƙewa, duk tsadar wayar da ke aljihunka ba za ta sa WhatsApp ya yi mata ƙara ba. Idan kuma ƙasar da ka je ta toshe kiran, to ko da ku biyun kuna da data har ta yi muku yawa, sai dai ku yi ta kallon wayar tana neman haɗi.

Mu fara da abin da kowa ya sani, wato kira daga manhaja zuwa manhaja: WhatsApp, IMO, Messenger, Telegram da makamantansu. WhatsApp ya fara kiran murya a 2015, ya ƙara na bidiyo a 2016, kuma a yau shi ne wayar tarhon yawancin gidajenmu. Ba a cajin kuɗin minti, data kawai yake ci, kuma kiran murya ba ya cin abin a zo a gani: minti ɗaya bai cika kai megabait ɗaya ba. Bidiyo ne mai haɗama, yakan ninka hakan sau da dama. A cikin saitin WhatsApp, ɓangaren ma'ajiya da data, akwai wurin da ake kunna rage cin data lokacin kira. Ku kunna shi a wayarku, ku kuma kunna a wayar mutanen gida kafin ku tafi, domin su ne ke sayen data da kuɗin cefane, kuma tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a watan Janairun 2025, kowane megabait ya ƙara daraja.

IMO ya samu karɓuwa a wajen masu aiki a ƙasashen Larabawa saboda yana jure raunin sabis, kuma sau da yawa yana tafiya a inda WhatsApp ya ƙi. Laifinsa tallace-tallace da suka cika shi, da baƙin mutane da kan faɗo maka da saƙo ba gaira ba dalili. Ni dai ba zan sa wa dattijo ko yarinya IMO ba sai na zauna na rufe masa ƙofofin nan a saiti. Telegram yana da murya mai kyau, amma mutum nawa ne a danginka suke buɗe shi?

Sharaɗin wannan hanya shi ne dole ɓangarorin biyu su kasance da babbar waya, da data, da sabis mai ɗan ƙarfi, a lokaci guda. A Kano ko Maraɗi wannan ba matsala ba ce. A ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sanda biyu, matsala ce babba.

Sai batun doka, wanda shi ne ya fi ba matafiya mamaki. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wato su Dubai da Abu Dhabi da Sharja, saƙon WhatsApp yana tafiya, hoto da saƙon murya ma haka, amma kira ba ya shiga. An toshe shi, haka ma FaceTime na masu iPhone. Abin da hukuma ta amince da shi su ne irin su Botim, kuma shi ma sai wanda za ka kira ya sauke shi a wayarsa. Saboda haka ɗan kasuwar da zai je Deira, unguwar kasuwanni a Dubai, ya sa wa iyalinsa da yaron shagonsa Botim tun yana gida, a gwada a ga yana aiki. Saudiyya ta sanar da ɗage takunkumin kiran intanet a watan Satumban 2017, manhajoji da dama suka buɗe, amma kiran WhatsApp ya daɗe yana yi yana ƙi a can, don haka kada alhaji ya rataya dukkan begensa a kansa; ya tafi da manhaja ta biyu. A Masar ma ɗalibai sun saba da cewa kiran WhatsApp kan ƙi tafiya a kan datar layin waya. Ƙasar Sin kuwa ta fi kowa tsanani: tun 2017 WhatsApp ɗin gaba ɗaya a toshe yake, Facebook da Google kuwa tun kafin nan aka toshe su. WeChat ne sarki a can, kuma duk wanda zai yi hulɗa da masu masana'anta a Guangzhou ko Yiwu ba shi da makawa sai da shi, don da shi suke magana, da shi suke turo hoton kaya. Buɗe shi yakan buƙaci wani mai amfani da shi ya tabbatar da kai, shi ya sa ya fi sauƙi a gama da wannan kafin a hau jirgi.

Za ka ji ana cewa ai VPN, wato manhajar da ke zagayawa da intanet ɗinka ta wata ƙasa, na buɗe komai. Yana buɗewa wani lokaci, wani lokacin kuma ya sa murya ta riƙa jinkiri har ku dinga cin karo a magana. Wasu na kyauta suna sayar da bayananka ko su cika ka da talla. Sannan a Daular Larabawa doka tana da tsauri kan amfani da shi wajen aikata abin da aka haramta. Baƙo a ƙasar mutane, mai biza ta kwana talatin, ba shi ne ya kamata ya gwada iyakar dokar ba, alhali ga hanyar da aka halatta.

Hanya ta biyu ita ce wadda mutane da yawa ba su san da ita ba, kuma ita ce maganin matsalar ƙaramar waya: manhajojin da kake kira da intanet daga ɓangarenka, amma kiran ya sauka a kan lambar waya ta yau da kullum. Wanda ka kira ba ya buƙatar data ko manhaja, wayarsa ce kawai za ta yi ƙara. Shekara da shekaru Skype ne gwanin wannan aiki, amma Microsoft ya rufe shi a watan Mayun 2025, don haka duk wanda ya ba ka shawarar Skype labarinsa ya tsufa. Waɗanda suka rage sun haɗa da Viber Out, Rebtel, Talk360 da Yolla. Kana zuba musu kuɗi, su riƙa cira a kan minti, ko ka sayi ƙunshin mintuna na wata.

A nan ne ake buƙatar buɗe ido. Babu kiran lambar Najeriya daga waje da zai zama kyauta, domin kamfanin da ya karɓi kiran a gida yana da kasonsa. A 2022 NCC ta tsayar da wannan kaso a kan senti 10 na dalar Amurka kowane minti. Idan ka ga manhaja tana tallan farashin da ya yi ƙasa da haka sosai, ko dai akwai kuɗin haɗi da take cira a farkon kowane kira, ko tana zagaye daƙiƙoƙi zuwa cikakken minti, ko kuma tana bi da kiran ta ɓarauniyar hanya. Alamar ta ƙarshen ita ce murya mai amsa-kuwwa da kuma baƙuwar lambar gida da ke fitowa a wayar wanda aka kira. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don a zamanin nan na 'yan damfara da masu garkuwa da mutane, dattawa da yawa ba sa ɗaukar lambar da ba su sani ba. Zaɓi manhajar da ke ba ka damar tabbatar da lambarka ta yadda ita za ta riƙa bayyana. Kiran Nijar da Chadi kuma ya fi na Najeriya tsada nesa ba kusa ba a kusan dukkan waɗannan manhajoji, saboda haka mai iyali a Damagaram ko Tawa ya duba farashin +227 da idonsa, kada ya yi lissafi da na +234. Kada ka zuba kuɗi mai yawa a karon farko. Sa mafi ƙanƙanta, ka kira mutum biyu ko uku a layuka daban-daban, MTN da Airtel da Glo, ko Moov da Zamani idan Nijar ce, ka ji yadda muryar take. Ka kuma duba ko kuɗin yana mutuwa idan an daɗe ba a taɓa shi ba, da ko ƙunshin wata yana sabunta kansa yana cirar kuɗi daga katinka ba tare da ya tambaye ka ba. Biyan ma kansa yana iya zama aiki, don ba kowane katin naira ne ke wucewa a sayayyar waje ba.

Duk waɗannan suna buƙatar intanet a ɓangarenka, to daga ina za ka samo shi? Waifai na masauki kyauta ne, amma a lokacin Hajji, sa'ad da ɗaruruwan mutane suka dawo daga Harami bayan Isha'i kowa ya kunna bidiyo, sunansa kawai ya rage. Sayen layin ƙasar shi ne mafi arha ga wanda zai yi mako biyu zuwa sama. A Saudiyya akwai STC da Mobily da Zain, dukkansu suna da layin baƙi, ana samu tun daga filin jirgin Jidda da na Madina, da fasfo da yatsa ake yin rajista. Saya a shagon kamfanin, kada ka karɓi layin da wani ya riga ya yi wa rajista da sunan da ba naka ba. Wasu ƙunshin suna haɗawa da mintunan kiran ƙasashen waje. Tambayi mai sayarwa ko ƙasarku na cikin jerin, don ba kullum take ciki ba. Amfanin layin ƙasa bai tsaya a data ba: idan ka ɓace wa ayarinka a Mina ko a hanyar jifa, lambar +966 da jami'in alhazanku zai iya kira kai tsaye ta fi kowace manhaja amfani.

Akwai kuma eSIM, layin da ba shi da kati, ana saye ta intanet daga irin su Airalo da Holafly, a sa a waya tun kafin a tashi. Kana sauka ka kunna, ba bin layi ba jira. Yawancinsu data ce zalla, babu lambar kira. Sai dai ba kowace waya ke ɗauka ba: iPhone daga XS na 2018 zuwa sama da manyan Samsung daga S20 suna yi, amma galibin Tecno da Itel da Infinix da ke hannun mutanenmu ba sa yi. Inda eSIM ya fi burgewa shi ne Sin, domin datarsa tana bi ta wata ƙasa ne, don haka WhatsApp kan buɗe ba tare da wata dabara ba. Ga ɗan kasuwar da zai yi kwana goma a Guangzhou, wannan kaɗai ya isa dalilin saye.

Romin, wato amfani da layinka na gida a waje, shi ne mafi sauƙi kuma mafi tsada. Har amsa kira ana caja. Wanda ya bar datarsa a kunne ya sauka a Jidda, kafin ya ɗauki jakarsa katin da ya sa ya ƙare. Kamfanonin suna sayar da ƙunshin romin na musamman, har da na lokacin Hajji, kuma idan tafiyar ta kwana uku ko huɗu ce yana iya fin wahalar neman sabon layi. Ban da haka, ban ga dalilinsa ba.

Amma kada ka bar layin naka a gida. Banki ta nan yake turo lambar sirri idan za ka tura kuɗi, kuma karɓar saƙon tes a waje galibi ba a biya. Tabbatar an buɗe masa romin kafin ka tafi, ka kashe masa data, ka bar shi a rami na biyu. Mai dogon zama, kamar ɗalibi, ya tuna cewa layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani na iya karɓewa ya sayar wa wani, alhali asusun bankinka da lambar NIN ɗinka suna maƙale da shi. Wani kuskuren da ake yawan yi: an sa sabon layi, WhatsApp ya tambaya ko a canza lamba, mutum ya ce e. Ka ce a'a. WhatsApp ɗinka zai ci gaba da aiki da tsohuwar lambarka a kan datar sabon layin, kowa kuma zai same ka inda ya saba. Kunna tabbaci mai mataki biyu a saitin WhatsApp, kuma duk wanda ya kira ka ya ce ka karanto masa lambobi shida da aka turo maka, ko da ya ce daga hukumar alhazai yake ko daga ƙungiyar unguwarku, ɓarawo ne.

Ga wanda ke gida yana kiran na waje, lissafin ya fi sauƙi. Kira ta manhaja shi ne gaba, muddin ƙasar da ɗan'uwan yake ba ta toshe ba. Idan ta toshe, ka sa irin manhajar da yake amfani da ita, ko ka sayi ƙunshin kiran ƙasashen waje na layinka, wanda ya fi kira kai tsaye da katin yau da kullum sauƙi ƙwarai. A kula da agogo kuma: Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa 2, Dubai da awa 3, Sin da awa 7. Kiran bayan Isha'i daga Kano, tsakar dare ne a Guangzhou.

Idan za a bi tawa, alhaji ko hajiya su ɗauki layin Saudiyya mai data da 'yan mintuna, WhatsApp da IMO a waya, layin gida a rami na biyu. Ɗan kasuwar Dubai, Botim da layin baƙi. Na Sin, WeChat da eSIM idan wayarsa na ɗauka. Mai iyaye a ƙauye ya ƙara da ɗan kuɗi a ɗaya daga cikin manhajojin da ke kiran lamba kai tsaye, ko kuma ya shirya da wani ƙane ko maƙwabci mai babbar waya, a sa rana da lokaci, misali kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya kai wa tsofaffin wayar. A ranakun Mina da Arfa kuwa, lokacin da sama da mutum miliyan ɗaya da rabi suke cunkushe a wuri guda kowa yana neman sabis, kira yakan yanke ko wane layi ka saya. Yi saƙon murya ka tura, zai jira a wayar har sabis ya dawo ya wuce da kansa.