Duba Ido da Maganin Ɗigo ko Ba Tare da Shi Ba

A tsakiyar baƙin ido akwai 'yar kafa da tsokoki ke tsukewa zuwa kamar milimita 2 cikin haske, su buɗe ta har kusan 8 cikin duhu. Idan likita ya haska fitila ba tare da maganin ɗigo ba, kafar takan tsuke ta rage masa abin da zai gani, amma majiyyaci yakan koma harkarsa nan take. Maganin ɗigo kuwa yana barin ta a buɗe, likita ya duba bayan ido sosai, sai dai gani yakan dushe na wasu sa'o'i, tuƙi ya zama haɗari. Ga mai ciwon sukari, gara ɗigon, domin a bayan idon cutar ke fara ɓarna a ɓoye.