WireGuard da adireshi 8 a wajen taro: sharhina

Duk wanda ya taɓa haɗa intanet na wucin gadi a wajen taro ya san ciwon kan neman adireshin IP na fili, wato lambar da ake iya isa ga na'urarka da ita daga ko'ina a intanet. Layin waya da muke sawa a rauta, wato na'urar da ke raba intanet, ba kasafai yake ba da shi ba. Idan ka duba, sai ka ga adireshinka ya fara da 10 ko 100.64, wato ku da yawa aka tara bayan adireshi guda. Dalili kuwa, adireshin IPv4, nau'in da aka fi amfani da shi, gaba ɗayansa kusan biliyan 4.3 ne, kuma IANA, hukumar da ke raba su, ta rabar da ragowar na hannunta tun 2011.

A wani taron horaswa a Kano, muna da sabar rajista da kyamarori da dole a iya isa gare su daga waje, ga kuma ma'aikata a Abuja da za su riƙa shigowa ta VPN, wato rufaffiyar hanyar haɗa na'urori ta cikin intanet. Sai na yi hayar saba da rukunin /29, adireshi 8 ke nan, na jawo su zuwa zauren ta WireGuard, wata manhajar VPN, a kan rautar MikroTik mai RouterOS 7.

A nan WireGuard ya burge ni matuƙa. A tsarin da aka saba, adireshin farko da na ƙarshe ba sa moruwa, rauta kuma ta ɗauke ɗaya, ka tashi da 5. Amma da yake mai sabar ya turo mini rukunin kai tsaye, sai na riƙa raba su ɗai-ɗai, kowanne da /32, wato adireshi guda tak, a layin AllowedIPs inda ake rubuta adireshin da aka yarda wa kowace na'ura, duka 8 suka shiga aiki. Da na sa PersistentKeepalive, saitin da ke aika ɗan saƙo don kada haɗin ya mutu, a daƙiƙa 25, kyamarori suka daina ɓacewa idan layi ya yi shiru. Wasu shafuka sun riƙa maƙalewa a rabi, har sai da na rage MTU, wato iyakar girman kowane ƙunshin bayanai, daga 1420.

Inda gizo ke saƙar shi ne, WireGuard ba ya raba adireshi da kansa kamar yadda OpenVPN, wata manhajar VPN ɗin, ke yi. Kowane mai shigowa da makullinsa na sirri, kowane makulli da adireshinsa, da hannu za ka rubuta. Kuma idan adireshi ɗaya ya faɗa wa mutum biyu, na baya ne ke ƙwacewa, na farko ya yanke ba tare da wani gargaɗi ba. Ga taron da jama'a ke shiga suna fita, wannan aiki ne ja, dole ka ajiye rajistar wa ke riƙe da me.

Saboda haka masu VPN ban ba su na fili ba sam. Na ba su adireshin cikin gida masu farawa da 10, suka fita duniya ta adireshi guda, sauran na bar wa saba da kyamarori, na kuma toshe duk ƙofar da ba a buƙata. Idan masu shigowa ba su da yawa kuma ka san su, ina ba da shawarar WireGuard ba tare da shakka ba. Idan kuwa baƙi ne da yawa, OpenVPN zai fi sauƙaƙa maka rabon.